Likita ya tambayi Baba abin da yake so in ciwo ya tsananta, ko ya cire rai ne?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likitan iyalinku a Ingila ya tambaye shi ko yana son a danna masa ƙirji in zuciyarsa ta tsaya, hankalinki ya tashi.

Bai cire rai ba. Likitocin can sukan tambayi kansu: zan yi mamaki in wannan majiyyaci ya rasu cikin wata 12? In ba za su yi ba, sai su taso da maganar tun mutum yana cikin hayyacinsa. Sukan fara jin abin da ya fahimta game da ciwonsa, su nemi izininsa kafin ƙarin bayani, sannan su tambayi abin da ya fi damunsa. Wani zafin ciwo yake tsoro, wani burinsa ya kasance a ɗakinsa, jikoki na shigowa gaishe shi.

Takardar DNACPR, wadda ake cikewa in an yanke cewa ba za a danna wa mutum ƙirji ba in zuciyarsa ta tsaya, yunƙurin farfaɗo da zuciya kawai ta shafa, sauran magani yana nan.

Kada ku amsa a madadinsa don tausayi, ku bar shi ya faɗa da bakinsa. In Turanci na ba shi wahala, ki nemi tafinta. Batun raɗaɗi, ku nemi likitan ya haɗa ku da ƙwararrun sauƙaƙa ciwo. Hukuncin addini kuma a tambayi malami.