Windows ta ce babu faifai, alhali Debian ta gan shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na ɗora QEMU da KVM a laftof ɗina mai Ubuntu, na ƙirƙiri kwamfuta a cikin kwamfuta, na ware mata faifan ajiya mai gigabait 60. Da na saka Debian, wani nau'in Linux, nan take ta gan shi, ta raɗa masa suna vda. Amma da na zo saka Windows 10 sai ta ce ba ta ga inda za ta zauna ba. Faifan ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, faifanka lafiyarsa ƙalau. Ni ma na taɓa kwana a kan wannan matsalar. Sau uku ina gogewa ina sakewa, ga wuta an ɗauke, batir yana ta kuka, sai da safe wani abokin aiki ya leƙo ya ce mini, "Ka duba lambar kuwa?"

Lambar ce maganar gaba ɗaya. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ta da idon da za ta ga ƙarfe da waya. Idan ta tashi, sai ta bi layin PCI, wato hanyar da na'urori ke haɗuwa da kwamfuta, gida-gida kamar mai ƙidaya, tana ƙwanƙwasa ƙofa. Kowane layi yana da gurbi 32. Gurbin da babu kowa amsarsa FFFF ce, sai ta wuce. Inda akwai na'ura, sai ta miƙo lambobi biyu: ta kamfani da ta samfuri. Ta Intel 8086 ce, ta VMware 15AD, ta VirtualBox 80EE. Kowane direba, ina nufin 'yar manhajar da ta iya yaren na'ura, yana riƙe da jerin lambobin da ya sani. In lamba ta dace, sai kanel ta haɗa su. In ba ta dace da kowa ba, na'urar tana nan zaune kamar baƙon da babu mai jin yarensa.

To a kwamfutarka ta ciki, QEMU, manhajar da ke ƙirƙirar ta, shi ne ke bayan kowace ƙofa yana amsawa. Hanya biyu yake da ita. Ta farko shi ne ya yi shigar burtu, ya kwaikwayi na'urar gaske. Ya ce shi katin intanet ne na Intel, lamba 8086:100E, tsohon direban e1000 ya yarda ya kama aiki. Yana yi kam, amma da tsada: duk sanda direban ya taɓa katin, sai an dakatar da baƙo, wato kwamfutar ciki, a koma wurin mai masauki, wato laftof ɗinka, ya yi wasan kwaikwayon, sannan a dawo. Lissafa wannan sau dubbai a daƙiƙa ɗaya.

Ta biyu ita ce virtio, wadda Rusty Russell ɗan Ostireliya ya tsara, ta shiga Linux 2.6.24 a farkon 2008. A nan babu ɓoye-ɓoye. Na'urar tana faɗa ƙarara cewa ita ta cikin manhaja ce. Baƙo da mai masauki suna ware wani yanki na ƙwaƙwalwa da duka biyu ke gani, baƙo ya jera buƙatunsa a layi, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, a kwashe gaba ɗaya. Lambar kamfaninta 1AF4, gadon Qumranet ne, kamfanin Isra'ila da ya haifi KVM kafin Red Hat ta saye shi a 2008.

Sunan vda da ka ambata shi ya tona mini asirin, don da SATA aka ba ka, wato kwaikwayon faifan gaske, sda za ka gani. Shiga Debian ɗin ka rubuta lspci -nnk. Za ka ga 1af4:1001 ko 1af4:1042, a ƙasansa virtio-pci. Wannan direban ne ke karɓar na'urar tun daga ƙofa, ya miƙa ta ga virtio_blk, direban faifai. Linux da waɗannan direbobin take zuwa. Faifan saka Windows kuwa babu su a ciki, ta ji lambar sarai, ba ta dai san mai ita ba.

Wasu za su ce ka mayar da faifan SATA ka huta. Zai yi, amma ni ba na ba da wannan shawarar ga mai koyo, don saurin da ka zo nema ka yar. Sauko da virtio-win.iso na Fedora, mai ɗauke da direbobin virtio na Windows, ka maƙala shi a matsayin CD na biyu. A shafin da Windows ta ce babu faifai, danna Load driver, ka shiga viostor, sai w10, sai amd64. Gigabait sittin ɗinka za su bayyana. Kada ka cire CD ɗin tukuna: in katin intanet ɗinka ma virtio ne, direbansa yana cikin NetKVM.