Ku Tambayi Malam: Wa zai gaji sana'armu idan mun gama jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi tun muna aji biyu, muka fara wanki da guga a ɗakunan kwanan ɗalibai. Yanzu muna da injin wanki ɗaya, dutsen guga uku, da masu kawo mana kaya duk mako. Ga shi muna aji huɗu, bautar ƙasa na jiranmu. Biyu daga cikinmu sun ce a sayar da kayan a raba kuɗin, ni kuma abin yana mini ciwo. Wani malaminmu ya ce a Amurka akwai kamfanin da ɗalibai ke gudanarwa shekara da shekaru. Da gaske ne? Ta yaya ya ɗore alhali masu shi suna tafiya? Daga ɗanka a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Malaminku bai yi maka ƙarya ba. Irin waɗannan kamfanoni suna da dama, kuma abin da zai ba ka dariya shi ne, manya biyu daga cikinsu da wanki suka tashi, kamar ku. Na Jami'ar Cornell da ke jihar New York ya faro ne a 1894, daga ɗalibi ɗaya mai bi yana tattara kayan wankin 'yan uwansa. Amma wanda nake zaton malamin naku yake nufi shi ne Harvard Student Agencies, na Jami'ar Harvard da ke Cambridge a jihar Massachusetts.

Asalinsa matsi ne. A shekarun 1950 kuɗin makaranta ya yi tashin gwauron zabo, sai 'ya'yan marasa ƙarfi suka kama 'yan sana'o'i a ɗakunan kwanansu. Hankalin hukumar jami'a ya tashi, saboda gine-ginenta an yafe musu haraji a matsayin wurin karatu, kuma idan aka ga ana kasuwanci a ciki, wannan rangwamen zai iya suɓucewa. Da a wani wurin ne, sanarwa za a manna a allo a ce an haramta, a kuma tura masu gadi su kwashe kaya. Su ba su yi haka ba. John Monro, mai kula da tallafin karatu, da Dustin Burke, mai kula da samar wa ɗalibai aiki, suka zauna da yaran, aka tattara sana'o'in a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai rajistar kansa, dabam da jami'ar. An yi rajistar a watan Disamba na 1957, da jarin dala 7,000, aka kuma miƙa masa aikin da jami'ar ta saba yi na kawo wa ɗalibai wankakken zanen gado duk mako.

Ka riƙe maganar zanen gadon nan da kyau. Ba aiki ne na burgewa ba, ba wanda zai yi alfahari da shi a gaban budurwa. Amma duk shekara sababbin ɗalibai na shigowa, kowa na buƙatar shimfiɗa, kuɗi na shigowa ba yankewa. A kan wannan tudun aka tsaya aka gwada sauran abubuwa.

Abin da ya fitar da sunansu duniya kuwa kusan da wasa ya fara. A lokacin kamfanin yana yi wa ɗalibai shatar jirgin sama zuwa Turai lokacin hutu. A 1960 wani ɗan aji ɗaya mai suna Oliver Koppell ya gurza 'yan shafuka da ba su kai talatin ba, na shawarwari ga matafiyan: inda za a kwana da arha, inda za a ci da arha. Wannan takarda ce ta zama jerin littattafan jagoran matafiya mai suna Let's Go. Duk hutun ƙarshen shekara sai a tura ɗalibai ƙasashe da guzuri ɗan kaɗan, su kwana a masauki mai rahusa, su hau motar haya, su rubuto abin da idonsu ya gani, wasu ɗaliban a gida su tace. Daga 1982 wani babban kamfanin ɗab'i na New York, St. Martin's Press, ya karɓi bugawa da rarrabawa. A 2001 kuma kamfanin ɗaliban ya sayi The Harvard Shop, kantin riguna da tsarabar jami'a da baƙi ke tururuwa. Intanet ta rage wa littattafan kasuwa, annobar korona ta 2020 ta ƙarasa tsayar da bugunsu. Wanki da kanti suna nan, kuma kamfanin yana ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai aiki kowace shekara.

To, ga ainihin tambayarka. Abin da ya raya shi shi ne ba na kowa ba ne. An yi masa rajista a matsayin wanda ba a raba ribarsa ga masu hannun jari. Ɗalibi yana aiki, a biya shi albashinsa, ya gama ya tafi, ba ya ɗaukar ko cokali. Shugaban kamfanin ɗalibi ne, shekara ɗaya yake yi ya sauka, haka manajojin sassa. A samansu akwai kwamitin daraktoci da ya haɗa ɗalibai, tsofaffin ɗalibai da ma'aikatan jami'a, sannan da 'yan ƙwararrun ma'aikata na dindindin da ba sa gama karatu su tafi. Su ne ke riƙe da tarihin lissafi idan an yi canji.

Na san ciwon da kake ji, domin na taɓa jin irinsa. Muna jami'a mu uku muka sayi tafireta muna buga wa 'yan ajin ƙarshe aikin bincikensu, har ana layi a ƙofar ɗakinmu. Ranar da muka gama, muka sayar da ita, muka raba kuɗin, nawa kason a kuɗin mota da tsaraba ya ƙare. Ba tafiretar ce asarar ba. Jama'ar da suka san ɗakin ne, da sanin da muka yi na yadda kowane sashe ke son a tsara takardunsa. Duka tare da mu suka bar makarantar.

Duk da haka kada ka ga laifin abokanka biyun nan. Guminsu ne a cikin injin, kuma mai shirin tafiya bautar ƙasa yana da buƙatar kuɗi. Mafita ita ce a yi wa kayan kuɗi a gaban shaidu, ku nemo 'yan aji biyu da kuka yarda da amanarsu, su yi aiki tare da ku wannan zangon, sannan su riƙa biyan masu fita kasonsu kaɗan-kaɗan daga ribar. Da an gama biya, kayan sun zama na ƙungiya, a rubuta cewa ba mai ikon sayar da su. Ku buɗe asusun banki da sunan sana'ar, mai buƙatar sa hannun mutum biyu, ku daina zuba ciniki a asusun ɗayanku. Ku samu malami ɗaya mai mutunci ya riƙa duba littafin lissafi, wataƙila ma wannan da ya ba ku labarin. Ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku karɓi izini a rubuce, don izinin baki yana tafiya ne tare da wanda ya ba da shi. Rajistar ƙungiyar gama kai a matakin jiha ta fi muku sauƙi a yanzu.

Sai abu ɗaya da 'yan Harvard ba su sani ba, ku kuma kun sani: yajin aikin malamai mai rufe makaranta wata da watanni. Na malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakunan kwana ba kowa. Ku ware wani abu daga ribar kowane wata saboda irin wannan rana, ku kuma fara neman masu kawo wanki daga gidajen ma'aikata, su da ba sa tafiya idan an rufe makaranta. Ka rubuto mini bayan kun zauna da abokan naka, in ji yadda kuka yi da injin.