Yadda za ki rubuta kan damuwar gab da al'ada ba tare da kin ɓatar da mai karatu ba

'Yar'uwa, kin ce kina son yin rubutu kan ƙuncin rai da fushin da ke kama wasu mata gab da al'ada, amma kin rasa abin da za ki dogara da shi.

Ki fara da rarrabewa. Kumburin ciki da ɗan saurin fushi daban, tsananin da likitoci ke kira PMDD, wato matsananciyar damuwar gab da al'ada, daban. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta na cututtukan ƙwaƙwalwa a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi a kundin da ya fara aiki a 2022. Alamominsa kan taso mako ɗaya ko biyu kafin jini, su lafa 'yan kwanaki bayan ya zo. Ba a tabbatar da shi sai mace ta rubuta yadda take ji kullum, na zagaye biyu aƙalla. Ko littafin makaranta ya isa, ta ja layi, kowace rana ta sa maki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ce sinadaran jikin macen masu tafiyar da al'ada ne suka lalace. Yawanci gwaji kan nuna su daidai; ƙwaƙwalwarta ce ke jin hawa da saukarsu fiye da kima. Kada kuma labarin mace guda da wani jiƙo ya yi wa amfani ya zama hujjarki. Ki faɗa a matsayin labarinta.

Batun magani ki bar wa likitan mata ko na ƙwaƙwalwa. Ki kuma rubuta ƙarara cewa wadda tunanin kashe kanta ya zo mata ta je asibiti a ranar, kada ta jira jini ya zo.