Amsa: wanene tsohon nan da ya fito a baban Thor a fim ɗin Thor?

Malam kace wai ɗan Amurka ne ko? A'a wallahi, Anthony Hopkins sunansa, mutumin Wales ne a Birtaniya, an haife shi ranar 31 ga Disamba 1937 a wajen Port Talbot, babansa ma mai gidan biredi ne. Sai a 2000 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, ina ga shi ya ruɗe ka.

A dandamali ya faro, shahararren ɗan wasa Laurence Olivier ne ya jawo shi National Theatre, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan, a 1965, daga nan ya shiga fim, ya fito a Richard cikin The Lion in Winter a 1968. Giya ta so ta kassara shi fa, har sai da ya watsar da ita a 1975.

Ni dai in kana son kasan dalilin da ake zuzuta shi ka bar batun Thor, ka nemi The Silence of the Lambs na 1991, fitowarsa duka bata kai rabin awa ba amma yadda yake kafe mutum da ido yana magana a hankali kamar ba komai sai kaji tsigar jikinka ta tashi, da shi ya ci Oscar ɗinsa na farko, wato babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Na biyun kuma a 2021 da The Father, inda ya fito a tsoho mai ciwon mantuwa, yana da shekara 83. Bai ma je wajen bikin ba, yana can Wales yana sharar barcinsa aka kira sunansa.