Tambaya da Amsa: Mai Shiga Birnin Kano Daga Karkara

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun wannan wata daga karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma da yake kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, kusan duk tambayoyin a kan shiga birni suke. Na zaɓi huɗu daga ciki. Ni ma a ƙauye nake zaune, a ƙasar Gezawa, kuma abin da zan faɗa na tara shi ne a zirga-zirgar shekara da shekaru tsakanin gida da Kano.

Tambaya: Malam, ina da 'ya da za a ɗaura wa aure bayan an gama girbi. Waɗanda na aurar a baya duk a kasuwar Gujungu na yi musu sayayya, amma an ce mini kayan ɗaki da na gara sun fi sauƙi a Kano. Rabona da birni ya fi shekara goma. Daga ina zan fara? Daga wani uba a ƙasar Ringim.

Amsa: Allah ya sanya alheri, Alhaji, ya ba su zaman lafiya. Abin da za ka fara riƙewa shi ne Kano ba kasuwa ɗaya ba ce. Ka san yadda Gujungu take ranar Lahadi: 'yan hatsi suna gefensu, kara tana can waje ɗaya, 'yan koli da masu yadi kowa da layinsa. To haka birnin yake, sai dai abin da yake layi guda a Gujungu, a Kano kasuwa ce sukutum mai ƙofofi da benaye. Mai neman kayan miya Yankaba yake zuwa, mai neman lemo da ayaba da kankana sai 'Yan Lemo a hanyar Zariya, mai neman kayan gyaran mota ko na gini sai Ƙofar Ruwa, mai neman waya kuma Fam Santa. Wanda bai san wannan tsari ba shi ne yake yini yana gararamba, ya koma gida yana cewa birni ba ya sayuwa.

Motar da za ta ɗauko ka daga Ringim za ta bi ta Zakirai da Gezawa ta sauke ka a Yankaba. Daga nan sai ka shiga adaidaita sahu mai zuwa Bata, domin kasuwanni huɗun da kake bukata duk a wannan yanki suke, kusa da juna. Kwanuka da kuloli da tukwane da tangaran, ka neme su a kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Unguwar ta kafu ne bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, lokacin da baƙi daga kudu suka riƙa zuwa aiki da fatauci, shi ya sa har yau za ka tarar da Inyamurai da Yarbawa a rumfuna, kuma da Hausa za su yi ciniki da kai. Kada ka je ranar Lahadi, saboda shaguna da dama a rufe suke yini. Baho da bokiti da sauran kayan roba kuwa, Ƙofar Wambai ce gidansu. Shinkafa da taliya da fulawa da sukari da man girki na gara a Singa ake sarinsu, buhu-buhu da katan-katan. Atamfa da shadda da leshi da yadin labule kuma sai Kantin Kwari.

Kwari tana bukatar a tsaya a kanta kaɗan, domin nan baƙo ya fi ruɗewa. Ba rumfuna ba ne irin namu. Gidaje ne masu hawa biyu da uku, kowane gida da sunansa, a cikinsa shaguna cunkus, an jera turamen atamfa tun daga ƙasa har rufi, ga 'yan tebura a waje sun baje nasu, ga 'yan dako suna ratsawa da dila a ka suna cewa a ba su hanya. Da ka sa ƙafa wani saurayi zai tare ka da fara'a ya ce, "Baba, me ake nema?" Sau da yawa ba shi da shago, irinsu ake kira 'yan kayi-na-yi, wato zai karɓo kayan a wurin mai shi ya ɗora nasa a kai. Sana'a ce, kuma akwai masu amana a cikinsu, amma kai da ka zo neman sauƙi, ka gode masa ka wuce. Ka tambayi kuɗin turmi iri ɗaya a shago uku kafin ka taya. Idan ka taya aka ce maka "albarka", ba kora ba ce, ciniki ne bai faɗa ba, kamar dai yadda kake cewa idan an taya maka rago a kara. Ka warware turmin ka duba shi a haske, ka ji kaurinsa a hannu, domin zane ɗaya yana iya zuwa a mataki biyu ko uku na inganci, kuma ido kaɗai ba ya rabe su.

Shawarata ita ce ka tafi da mahaifiyar yarinyar ko gwaggonta, saboda su suka san abin da ake jerawa a ɗakin amarya a yanzu, kuma ku rubuta komai a takarda tun daga gida. Kada ka zuba kuɗinka duka a aljihu ɗaya. Yawancin masu shaguna suna karɓar kuɗi ta waya, ga masu POS a kowace kusurwa. Ka yi ciniki da ɗan dako ko mai baro kafin ya ɗora kaya, sa'an nan ka bi bayansa ƙafa da ƙafa. Amma gado da kujeru, ni ban ga dalilin sayensu a birni ba. Idan ka haɗa kuɗin motar da za ta kai su ƙauye da abin da zai iya karyewa a hanya, sauƙin ya tafi, alhali kafintan garinku zai yi maka su, kuma idan ƙafar gado ta saki gobe ka san ƙofar gidansa.

Tambaya: A garinmu babu abin hawan da ya kai acaɓa sauƙi, amma da na je duba 'yar'uwata a asibiti a Kano ban ga ko ɗaya ba, sai babura masu ƙafa uku. Me ya sa? Daga wata uwargida a ƙasar Birnin Kudu.

Amsa: Allah ya ba 'yar'uwarki lafiya, Hajiya. An hana ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu a cikin birni da kewaye ne a watan Janairu na 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Shi kuwa mai ƙafa ukun ya riga wannan doka zuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta kawo shi domin mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa, kuma ya ɗauki sunansa ne daga shirin gyaran tarbiyya na wannan gwamnati, wato A Daidaita Sahu. Idan za ki hau, ki faɗi inda za ki, ki ji kuɗin tun kafin ki zauna, ki kuma tabbatar ko haɗa ki zai yi da wasu ko shata yake nufi, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Tambaya: Malam, an kai mu gasar karatu a birni, sai muka wuce wani fili kusa da Ƙofar Mata mai cike da ramuka kamar rijiyoyi, wasu dattawa suna zaune a bakinsu. Malaminmu ya ce marina ce. Yaya ake aiki da ita? Daga wani ɗalibi a ƙasar Bichi.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Abin da ka gani yana cikin tsofaffin wuraren sana'a da suka rage a Kano. Masu marinar suna kai asalinta zuwa 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa.

Ramukan suna da zurfi, sun fi tsayin mutum, kuma an shafe cikinsu yadda ruwa ba zai tsotse ba. Ana zuba ruwa da toka da baba, wato ganyen da yake ba da shuɗin, a bar su su jiƙa su ruɓa na kwanaki, marini yana motsawa da doguwar muciya, har kumfa mai shuɗi ta taso, warin da ba ya ɓoyuwa ya tashi. Na taɓa zama a gefen wani dattijo ina kallonsa yana aiki. Ya tsoma farin ƙyalle ya juya shi a cikin ruwan, da ya ɗago shi sai na ga ya fito kore-kore. Kafin ya gama matse shi ya baza, yana shan iska yana rikiɗewa a idona har ya zama shuɗi. Iskar ce take kama launin, shi ya sa ba a jiƙa tufa a bar ta, sai dai a yi ta tsomawa ana ɗagowa, kuma yawan tsomawar shi yake raba shuɗi mai haske da wanda ya yi baƙi wuluk. Zanen da kake gani mai da'ira-da'ira kuwa, mata ne suke ƙulle ƙyallen da zare a cikin gida kafin a kawo shi, duk inda aka ƙulle baba ba ya shiga. Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa tufar a kan gungumen ice a yi ta dukanta da taɓarya har ta yi sheƙi.

Abin da nake so ka sani shi ne wannan sana'a ba ta birni kaɗai ba ce. Garuruwa da yawa na ƙasar Kano suna da karofinsu a da, kuma rawanin nan mai ƙyalli da Buzaye suke ji da shi, wanda ake kira ɗan Kura, sunan garin Kura ya ɗauka. Ka tambayi tsofaffin garinku, mai yiwuwa su nuna maka inda tasu marinar take kafin a cike ta. Ko a Ƙofar Mata ramuka da yawa sun bushe, saboda rinin zamani da yadin waje sun fi araha, kuma wannan abu yana damuna matuƙa. Idan ka sake shiga birni, ka roƙi malaminku ya ratsa da ku Kurmi ku ga layin dukawa da masu sirdi da linzami da masu littattafan addini, sa'an nan ku hau Dutsen Dala ku hangi birnin daga sama.

Tambaya: Kowace shekara 'yan sari suna zuwa har ƙauyenmu su saye riɗi da zoɓo, su ce Dawanau za su kai. Wai me ake yi da su a can, kuma ni ma zan iya kai nawa? Daga wani manomi a ƙasar Gagarawa.

Amsa: Dawanau tana bakin birni a hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ɓangare-ɓangare ce ita ma: na gero da dawa da masara, na wake, na rogo da gari, da kuma na kayan da ake fitarwa waje, inda riɗinka da zoɓonka suke sauka. A can za ka ga manyan sito-sito, mata suna zaune suna tsince zoɓo, injuna suna tace riɗi daga ƙasa da tsakuwa, ana ɗinke buhuna ana lodawa a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Riɗin yana tafiya ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma Meziko ce babbar mai sayensa. Haka gyaɗar kakanninmu ta bi a zamanin dalar gyaɗa, lokacin da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suke tara ta a Kano jirgin ƙasa yana kwashewa.

Kana iya kai naka, ɗan'uwa, babu mai hana ka, amma buhu biyu ko uku ba za su biya kuɗin mota da na sauke kaya da la'adar dillali ba. Abin da na ga yana yi wa mutane amfani shi ne manoma biyar ko goma su haɗa kayansu a mota ɗaya, su wakilta mutum biyu da suka yarda da su. Ku sheƙe riɗin sosai ya bushe ƙarau, domin a can da kilo ake saye, kuma ana rage kuɗin wanda aka samu da ƙasa ko danshi. Ku auna kowane buhu tun a gida ku rubuta nauyinsa da sunan mai shi, kuma kafin motar ta tashi ku kira wani da kuka sani a kasuwar ya faɗa muku farashin wannan rana.