Hawan Dutsen Tubkal a watan Afrilu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maroko, ina son hawan Dutsen Tubkal a Afrilu. Tunda sanyi ya wuce, takalmin gudu zai wadatar?

Amsa: Ɗana, kada ɗumin Marrakesh ya ruɗe ka. Tsayin Tubkal mita 4,167 ne, kuma dusar ƙanƙara takan kai Mayu a samansa. Daga ƙauyen Imlil, inda ake fara hawa, zuwa masaukin mahaya da ke tsayin wajen mita 3,200, galibi duwatsu ne da laka. Daga nan sama ne nake ji maka tsoro. Abin da rana ta narkar, dare yakan sake daskarar da shi, sai hanya ta yi santsi kamar gilashi da asuba, lokacin da ake kama hanyar ƙololuwa.

Ajiye takalmin gudun nan. Nemi mai tauri da ya rufe idon sawu, ka yi hayar ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura masa a ƙasa, da gatarin ƙanƙara. Akwai su a Imlil. Ɗaukar ɗan jagora dole ne a can, to, ya koya maka tafiya da su tun a masauki. Ku sauko da wuri, kafin dusar ta yi laushi ƙafa ta riƙa nutsewa.