Mijina ne ya tafi, ni aka mayar bencin baya

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa daga Agege. Mijina ya bar ni da yara ya tare wurin wata. Dattawan ikilisiya suka cire ni daga ƙungiyar mawaƙa, suka hana ni cin jibin Ubangiji, wai sai an gama bincike. A Zumuntar Mata ma kauce mini ake yi. Na daina zuwa sujada. Zunubi nake yi?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Irinki suna da yawa a Legas. In muka ga benci fayau ran Lahadi, sai mu ce kuɗin mota ne. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa sujadar Hausa daga nesa ya yi tsada. Amma da yawa mu muka kore su, da harara da tsegumi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kullum, wai duk wanda aurensa ya mutu, ko ya rasa aiki, ko ciwo ya kwantar da shi, akwai zunubin da ya ɓoye. Wa ya koya mana wannan? Abokan Ayuba sun faɗi haka, Allah ya tsauta musu. A Yohanna 9 almajirai sun tambayi laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. Horo na mai laifin da ya ƙi tuba ne, kuma Matiyu 18 ta ce a fara magana da shi a keɓe, sannan a gaban shaidu. Wa ya zauna da ke? Mai laifin ya yi gaba, sai aka hori wadda hannu ya kai. Daga nan masu sayar da man shafewa da ruwan addu'a su tare ta, su ce la'anar gidan ubanta ce, su kwashe kuɗin makarantar yara.

Ki rubuta wa dattawa su faɗi laifinki a takarda. In suka yi shiru, ki kai wa shugabannin gundumar ikilisiya. In auren rajista kuka yi, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kotu kuma tana iya tilasta masa ciyar da yara. In akwai duka ko barazana, ki nemi hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida. Kafin nan ki koma sujada da yaranki, ko da a wata majami'ar ce.